Ƙafa Ɗari Shida daga Gicciyen Nereo

A garin Dos Norias doka ta ce shagon sayar da wiwi sai ya yi nisan ƙafa ɗari shida da makaranta, da gidan renon yara, da duk wani lambun shaƙatawa na hukuma. Ba ta kan titi ake awon ba. Layi ake ja miƙaƙƙe daga iyakar wannan fili zuwa iyakar wancan, ko da zai ratsa ta rufin coci ko ta ɗakin kwanan wani. A ofishin tsara gari akwai taswira manne da bango, an zana mata jajayen da'irori suna hawa kan juna har garin ya kusa ɓacewa a ƙarƙashinsu. Wuri uku kawai ja bai taɓa ba: bayan ma'aikatar tace ruwan masai, da tsakiyar babbar kwatar ban-ruwa, da tsohon shagon facin taya na Gurmail Dhillon a Titin Tasha.

Efrain Zavala ya kama hayar shagon facin.

Shekararsa arba'in da huɗu. Shida daga cikinsu a gidan yari ya yi su, a kan ganyen da yanzu ake sayarwa cikin kwalba mai hatimi, a ba mutum rasit, a ce masa ya sake dawowa. Da jihar ta halatta cinikin, majalisar gari ta ware lasisi ɗaya ga waɗanda aka taɓa ɗaurewa a kansa. Aka zuba sunaye a kwali, aka zaro nasa. Amma lasisi ba ya aiki sai da wuri, wurin kuma sai majalisa ta sa hannu. Tun lokacin tsinkar inabi yake jiran sa hannun nan. Ya bar aikin dako, ya sayar da babur ɗinsa, ya kankare baƙin man da ya shekara talatin yana shiga daɓen shagon, ya sa ƙofar ƙarfe da kyamarori kamar yadda doka ta ce. An ba shi ranar Talata mai zuwa.

Yana kan tsani yana ɗaura fitila Gurmail ya leƙo, da shuɗin rawaninsa da makullai a hannu.

"Attajirin ganye, sauko. Kada ka ji labari ka faɗo ka fasa mini daɓe."

"Daɓen da na kankare da farcena ne ya zama naka, Kawu?"

"Har ƙasar da ke ƙarƙashinsa tawa ce. Sauko na ce."

Ya sauko.

"Na ga tsohuwarka a kwana yanzun nan," in ji Gurmail. "Ita da Haugen. Da mai ɗaukar hoto."

Brenna Haugen kansila ce, tsohuwar shugabar makaranta. Tun ranar farko ta ce ba ta yarda a buɗe irin shagon nan a garin ba, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. Aka rinjaye ta a ƙuri'a, ta yi shiru, mutane suka ɗauka ta haƙura.

Kwanar kuwa kowa ya san ta. Inda Titin Tasha ya haɗu da hanyar ma'aikatar ɗaurin inabi, hanya ta rabu biyu ta bar wani ɗan fili mai kusurwa uku, bai fi girman falo ba. Nan babbar mota ta take Nereo, ƙanin Efrain, da sassafe, yana kan keke zai tafi aiki. Efrain na gidan yari a lokacin, ba a bar shi ya zo jana'iza ba. Gawa tana makabarta, amma mutanensu a inda mutum ya faɗi suke kafa gicciye, don nan rai ya fita. Uwarsu, Doña Eulalia, ta sa an sassaƙa farin gicciye an kafa shi da siminti. Fiye da shekara goma ke nan duk Lahadi tana zuwa da furannin roba da kyandir a cikin kofin gilashi. Lokaci-lokaci ma'aikatan hanya sukan zo su kwashe furanni da kofuna su zuba a mota. Gicciyen dai ba wanda ya taɓa shi a cikinsu. Shugabansu ma hula yake cirewa. Ta sha zuwa ofishin gari tana neman a ba ta takarda a ce a bar wurin yadda yake. Kullum sai a ce ta dawo.

"Hoton me suke ɗauka?" in ji Efrain.

"Ni ma abin da na tambayi kaina ke nan. Matar da ba ta taɓa taka unguwar nan ba sai lokacin zaɓe. Je ka wurin Nakagawa."

Mista Nakagawa shi ne jami'in tsara gari, mutum mai sanyin murya wanda ya kusa ritaya. Bai yi mamakin ganinsa ba. Ya juya masa fuskar kwamfuta, ya ɗora kibiya a kusurwar filin Gurmail, ya ja layi har bakin kwanar.

"Ƙafa ɗari biyar da sittin da 'yan kai," ya ce.

"To sai me? Kwana ce. Ko ciyawa babu."

"Doka ba ta ambaci ciyawa ba. In majalisa ta kira wuri lambu, ta sa benci da kwandon shara da allon suna, ya zama lambu. Kansila Haugen ta kawo ƙudiri. Lambun Nereo Zavala. Iyali sun amince da sunan."

Efrain ya dubi layin. Siriri ne, rawaya, ya bi ta kan wurin wankin mota da bayan gidan wani.

"In na rushe katangar gefen can, na matsar da ƙofa?"

"Iyakar fili ake aunawa. Ko a bututun hayaƙi ka sa ƙofarka, iyakar ba ta motsi."

"Amma ni na riga su. Wata nawa ina jira."

"Ka riga su nema. Ba ka riga su samu ba. Abin da ke ƙasa ranar da aka sa maka hannu, shi ake dubawa." Nakagawa ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga. "Dukansu biyu ranar Talata za a yi su. Lambu shi ne na huɗu a jeri. Kai ne na biyar."

"Wa ya jera su haka?"

"Ni bugawa kawai nake yi, Mista Zavala."

Ya tarar da uwarsa a kicin tana murza ƙullin masara, rediyo na surutu a kan firji. A kan tebur akwai zanen da Haugen ta bar mata: benci, bishiya guda, yara biyu da ƙwallo, da gicciyen a tsakiya an kewaye shi da furanni.

"Wanke hannu ka zauna," ta ce ba tare da ta juyo ba. "Ka rame kamar karen tasha."

"Mama, kin san abin da zanen nan yake nufi?"

"Na iya karanta sunan ɗana."

"In suka mai da wurin lambu, shagona ya mutu."

Ya jawo faranti ya kife a kan tebur, ya ajiye kwalbar gishiri a gefensa, yana nuna mata yadda da'irar za ta haɗiye shi. Ta saurara, hannunta bai daina aiki ba.

"To ka matsa gaba kaɗan mana."

"Babu gaba. Gaba firamare ce. Baya gidan renon yara ne. Garin nan kaf wuri ɗaya ne, shi ne wannan."

"Kai dai kana iya matsawa. Shi ba ya iyawa."

"Matar nan ba don Nereo take yi ba. Sau nawa kika je ofishinsu? Ta taɓa cewa ki zauna? Sai yanzu da ta ɗauki ma'auni ta ga inda zai faɗa?"

"Ka ɗauka ban sani ba? Da ta zo ko sunansa ba ta iya faɗa ba, sai da na maimaita mata sau uku."

"Amfani take yi da ke."

"Ma'aikatar inabi ta yi amfani da ni shekara talatin, abin da na fito da shi ciwon gwiwa ne. Wannan ko ba komai benci za ta ba ni."

Ta jefa ƙullin a kasko, ta juya shi da yatsu. Ƙamshi ya cika kicin. Efrain ya dubi bayanta, ya ga yadda ta ƙanƙance cikin rigar.

"Mama, duk abin da nake da shi yana cikin shagon nan. Kin san irin kallon da ake yi mini in na je neman aiki, da sun ga inda na fito. In wannan ya kuɓuce, dako zan koma har bayana ya karye."

"Na sani, ɗana. Na yi maka addu'a a kan lasisin nan, ko da yake kunya ta hana ni gaya wa Fadan cocinmu abin da nake roƙo."

"To ki ce musu su jira mako biyu. A sa mini hannu tukuna, sannan su yi lambunsu. Doka ba ta korar shagon da ya riga lambu zuwa. Kowa ya samu nasa."

Sai a lokacin hannunta ya tsaya.

"Na tambaye ta," ta ce. "Ta ce ko ranar Talata, ko babu."

"Kika ce mata me?"

"Na ce to."

Ta zuba masa wake da barkono, ta ajiye a gabansa. Ya ci, don bai san abin da zai yi da hannunsa ba.

Washegari Gurmail ya zo da shayi mai madara a fulas, suka zauna kan bokitan fenti.

"Za a ba ka minti uku ka yi magana kamar kowa," in ji tsohon. "Kada ka ambaci ganye. Da ka ce wiwi, kunnensu ya toshe. Kada ka ce musu an zalunce ka, sun ji wannan har sun gaji. Na yi shari'a da mutanen nan a kan gidan maina, na san su. Abu biyu suke tsoro a duniya: yaro ya mutu, da lauya ya zo."

"In tashi gaban uwata in ce kada a yi wa ƙanina lambu?"

"Ni ban ce ka yi ba. Ni ɗan haya zan samu, ko kai ko mai gyaran firji. Cewa na yi in za ka yi, ga yadda ake yi."

"Kawu, ba ka da imani."

"Ina da shi. A gida nake barinsa in zan je majalisa."

Da la'asar Efrain ya taka zuwa kwanar. Tun da ya fito daga gidan yari bai fi sau uku ya tsaya a wurin ba. Yakan wuce ne a mota, ya taɓa goshi da ƙirji ya yi alamar gicciye. Lokacin tashin ma'aikata ne. Manyan motoci na fitowa daga ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, su karya kwana, tayoyin baya su hau gefen filin su sauka. Sawun taya bai fi taki ɗaya da kofunan kyandir ba. Iskar kowace mota sai ta kwantar da furannin roba. Ya yi ƙoƙarin ganin benci a wurin, da yara biyu da ƙwallo, ya kasa. Ya lura kuma babu dakalin da ya raba filin da kwalta; kwaltar ce kawai ta ƙare, ƙasa ta fara. Abin da zai faɗa ranar Talata gaskiya ne. Wannan ya ɗan sauƙaƙa masa, ba sosai ba.

Zauren majalisa ya cika ranar Talata da yamma. Matan coci sun zo da Doña Eulalia, su goma sha wani abu, sun zauna a layin gaba da baƙaƙen mayafai. An ba su na'urar kunne, wata yarinya tafinta tana zaune a gefe tana mayar musu da Turanci zuwa Sifaniyanci. Kansiloli biyar ne har da magajin gari, a kan dogon tebur, lauyan gari a ƙarshensa yana duba waya.

Aka gama maganar bututun ruwa da ta fitilun titi. Aka zo na huɗu. Haugen ta yi magana mai kyau a kan unguwar da aka manta da ita, da uwa mai haƙuri, da yaran da ba su da wurin wasa. Ba ta ambaci shago ba ko sau ɗaya. Aka kira Doña Eulalia. Ta je gaban makirufo tana dafa kujeru.

"Ni ba mai magana ba ce," ta ce, tafinta na bin ta. "Ɗana ya faɗi a wurin nan. Ina zuwa duk Lahadi. Da ina durƙusawa, yanzu gwiwa ta ƙi. Wurin zama nake so, kuma a daina kwashe mini furanni. Shi ke nan."

Aka tafa. Magajin gari ya duba takardarsa.

"Efrain Zavala."

Da aka ji sunan, wasu suka ɗauka goyon baya ya zo yi, har suka fara tafi. Ya tsaya, agogon minti uku ya kunna a gabansa. Bai dubi layin gaba ba.

"Nereo ƙanina ne," ya ce. "Motar ɗaukar inabi ce ta kashe shi a wurin da kuke magana. Motocin nan har yanzu suna nan. Na tsaya na gani da idona, tayarsu ta baya kan filin take hawa in za su juya. Babu dakali, babu shinge, babu wurin tsallakawa. Na ga zanen da aka yi, akwai yara biyu da ƙwallo. Ina so wanda ya zana ya gaya mini ina ƙwallon za ta je in ta kuɓuce. Wurin nan ba fili ba ne, titi ne. Ku duba takardunku, cikin hanya yake. Mutum ɗaya ya mutu a can. In kuka sa benci kuka kira yara, to ku kuka kira su, kuma yau an gaya muku."

Ya gama agogo bai kai rabi ba. Zauren ya yi tsit, in ban da muryar tafinta da ke ƙarasa jimlarsa ta ƙarshe can ƙasa-ƙasa.

Lauyan gari ya ajiye waya. Ya yafito Nakagawa, suka sunkuya kan kwamfuta suna raɗa. Sannan ya jawo makirufo ya ce mai magana ya yi daidai: tun da aka faɗaɗa hanyar, kusurwar tana cikin filin titi. Ba zai ba majalisa shawara ta gayyaci jama'a su zauna a tsakiyar mahaɗar manyan motoci ba. In aka yi, wani abu ya faru, gari ne zai biya.

Haugen ta daɗe tana kallon Efrain. Ba fushi a fuskarta. Ta ce ta janye ƙudirin. Sannan ta juya ga lauyan.

"Tambaya ɗaya. Mutanen da ke taruwa a wurin yanzu fa? Su ma cikin haɗarin suke?"

"An faɗa a zaure, an rubuta," in ji lauyan. "Daga yau ba za mu iya cewa ba mu sani ba."

Magajin gari ya ce a miƙa wa sashen hanyoyi su duba, ya buga guduma. Efrain ya ji maganar kamar yadda ake jin rediyon maƙwabta. Kunnensa yana kan na biyar.

Na biyar bai ɗauki lokaci ba. Nakagawa ya karanta cewa wurin ya cika sharuɗɗan nisa. Aka ɗaga hannu, uku suka yarda, biyu suka ƙi. Gurmail ya dafa kafaɗarsa daga baya ya matsa. Da Efrain ya waiwaya layin gaba, uwarsa ta cire na'urar kunne ta naɗe wayarta a hankali, ta miƙa wa yarinyar, ta yi mata godiya. Matan suka kewaye ta suka fita. Ɗaya daga cikinsu, wadda ta riƙe shi ranar da aka yi masa baftisma yana jariri, ta wuce ta gabansa kamar ta wuce gungume.

Ya kira uwarsa a waya washegari, ba ta ɗauka ba. Ya ce a ransa ya bar ta ta huce. Ba ta samu benci ba, amma ba ta rasa komai ba. Gicciye na nan inda yake. Ya yi niyyar in shago ya kama, zai sayi kujera mai naɗewa ya riƙa kai ta da kansa duk Lahadi.

Sashen hanyoyi, da aka sani da jan ƙafa, wannan karon bai ja ba. Ranar Litinin da safe Efrain yana goge gilashin ƙofa ya hango motocinsu masu ruwan lemo a kwanar. Daga bakin shagon, in an bi titi da ido, ana ganin wurin tar, babu abin da ya tare. Ya ɗauka kwasar furanni ce irin ta kullum. Sai ya ga sun sauke ƙaramar katafila. Ba tsofaffin ma'aikatan ba ne, 'yan kwangila ne daga wani gari. Suka ɗaura wa gicciyen sarƙa, injin ya ɗaga, ya fito da dunƙulen simintinsa yana lilo. Kafin Efrain ya isa da gudu sun ɗora shi a mota.

"Kai, kai! Wa ya ce ku taɓa wannan?"

Wani ƙato mai hular kwano ya nuna masa takardar aiki ba tare da ya daina tauna cingam ba.

"Kawar da cikas, zuba kankare, kafa shingen ƙarfe. Naka ne? Je ka yadin gari ka karɓa, ba mu zubarwa."

"Mutum ya mutu a nan."

"Shi ya sa aka turo mu, maigida. Matsa baya, za a juye kankare."

Kafin azahar kusurwar ta zama fari fat, sumul, an kewaye ta da shingen ƙarfe mai ratsin rawaya, da allon da ya hana tsayawa. Ko inda za a ajiye kofin kyandir babu.

A yadin gari, filin da hukuma ke jibge kayanta, ya sami gicciyen jingine tsakanin lanƙwasassun allunan titi da wata tsohuwar fitilar hanya. Furanni suna cikin baƙar leda a gefensa. Mai gadi ya taimaka masa suka ɗaga, don simintin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, suka kwantar da shi a bayan a-kori-kurarsa. Hannu ɗaya na gicciyen ya tsage inda sarƙa ta kama.

Ƙofar katakon gidan uwarsa a buɗe take, ta ragar a rufe. Ya ƙwanƙwasa, abin da bai taɓa yi ba a gidan. Ta fito daga ciki tana goge hannu, ta tsaya bayan ragar.

"Mama, na karɓo shi."

Ta dubi motar ta saman kafaɗarsa.

"Na gani."

"Zan gyara hannun. Zan sake masa fenti. Sai ki faɗi inda za a kafa, ko nan tsakar gida, ko makabarta kusa da shi. Ko bayan shago, akwai fili, zan sa miki benci da rumfa."

"A bayan shagonka ya faɗi?"

"A'a."

"A tsakar gidana ya faɗi?"

Ya waiwaya ya dubi motar.

"To wannan katako ne, Efrain. Katako ina da shi."

"Ban san za su yi haka ba. Na rantse miki ban sani ba."

"Na yarda. Kai dai magana ka yi, kuma ba ka yi ƙarya ba. Yarinyar ta fassara mini duka, har abin da lauyan ya ce. Ni tun a zauren na gane. Kai kana jiran naka." Muryarta ba ta hau ba, ba ta sauka ba. "Yaushe za ka buɗe?"

"Asabar."

"Allah ya kawo kasuwa. Tsaya nan."

Ta koma ciki. Ya ji ƙarar murfin tukunya. Ta dawo da abinci naɗe a takardar azurfa, ta buɗe ragar daidai faɗin hannu, ta miƙo masa, yadda take miƙa wa mutanen da ke zuwa neman aikin yankan ciyawa. Da ya karɓa ta ja ƙofar, ta sa sakata.

Ya zauna a mota, ƙunshin yana ƙona masa cinya. Waya ta yi ƙara. Direban da ya kawo kayan farko ne, yana bakin shago shi da mai gadinsa; doka ta hana su sauke ko kwali ɗaya sai mai lasisi yana tsaye.

"Ina zuwa," in ji Efrain.

Hanyar da ta fi kusa ta kwanar take bi. Ya tada mota, ya juya hagu, ya zagaya ta bayan firamare, inda yara suka fito wasa suna ihu a cikin shinge, dunƙulen simintin yana bugun ƙarfen motar duk inda ya taka rami.